Me Ya Sa Labarin Wanda Ya Maƙale A Sararin Samaniya Yake Hana Mutum Tashi?

"Assalamu alaikum Malam. Ni marubuciya ce daga Gwammaja, littattafan soyayya da zaman aure nake rubutawa a waya. Ƙanena ya matsa mini sai na kalli wani fim na ɗan sama jannatin da abokan tafiyarsa suka baro a duniyar Mars suna zaton ya mutu. Wallahi tun ina sakandare ba na shiri da kimiyya, amma ban iya tashi ba sai da ya ƙare. Babu soyayya, babu kishiya, babu mugu, mutum ne kawai yana ƙirga dankali da ruwa. Mene ne ya riƙe ni? Kuma irin wannan labarin zai rubutu da Hausa?"

Wa alaikumus salam, Malama. Idan na fahimce ki, kin zauna da ma'aunin da kika saba auna labari da shi, kin duba ba ki ga ko ɗaya daga cikin igiyoyin da kike ɗaure masu karatunki da su ba, amma kuma sai ga shi ke an ɗaure ki. Kina son sanin da wace igiya, kuma ko za ta tufku da harshenmu. Ni malamin fiziks ne, na haura shekara 20 ina koyarwa a wata sakandare a cikin birni, kuma irin waɗannan labaran su ne abokan hirata tun ina ɗalibi. Daga nan zan ba ki amsa, daga karatuna da kuma abin da nake gani a fuskokin yara a aji.

Ƙagaggun labaran kimiyya gida ne babba. Akwai ɗakin da ake yaƙi da wasu halittu, ana harbi da haske, kumbo yana tsallake taurari kamar mai tsallake kwata. A can kimiyya ado ce, da za a cire ta a sa aljanu labarin ba zai canza ba. Wanda kika kalla daga wani ƙaramin ɗaki ya fito, inda marubuci yake ɗaure kansa da dokokin da Allah ya shimfiɗa wa halitta kamar yadda ɗan'adam ya gano su. Idan iska ta kwana 30 ce, to ta kwana 30 ce, ba ya da ikon ƙara mata kwana ɗaya don yana tausayin jaruminsa.

Uban waɗannan labarai ya faru da gaske

Ranar 11 ga Afrilu 1970 kumbon Apollo 13 ya tashi daga Amurka zuwa wata da mutum uku: Jim Lovell da Jack Swigert da Fred Haise. Bayan kimanin awa 56, suna da nisan da ya haura kilomita 300,000 daga gida, tankin iskar oksijin ya fashe. Wannan iskar da ita suke numfashi, da ita kuma ake samar musu da lantarki da ruwa, don haka abu uku suka tafi a lokaci guda. Sai suka kashe babban ɗakin kumbon suka ƙaura cikin ƙaramin da aka tanada don sauka a kan wata. An gina shi ne don mutum biyu su yi kamar kwana biyu, ga shi mutum uku za su yi kusan kwana huɗu.

Ki duba abin da ya biyo baya. Ruwan sha aka rage wa kowa zuwa abin da bai kai rabin ledar fiya wata ba a yini, saboda na'urori ma da ruwa ake sanyaya su. An kashe kusan komai mai cin wuta, sanyi ya sauka zuwa wajen digiri 3, barci ya gagara, Haise ya kamu da ciwon mafitsara. Amma abin da ya fi kusa da kashe su numfashinsu ne. Mutum yana fitar da kusan kilo ɗaya na iskar kabon a kowace rana, idan ta taru a rufaffen wuri sai ciwon kai, sai ruɗewa, sai suma. Suna da gwangwanayen da ke tsotse ta isassu a babban ɗakin, to amma waɗancan masu kusurwa huɗu ne, ramin ƙaramin ɗakin kuwa zagayayye ne. Injiniyoyi a birnin Houston suka tara irin tarkacen da ke cikin kumbon kaɗai, wato leda da kwali da tiyon rigar sama jannati da salatif mai ƙarfi, suka haɗa abin da zai aurar da mai kusurwa da zagayayye, sannan suka karanta musu yadda za su yi ta rediyo, mataki bayan mataki. Ya yi aiki. Daga baya da aka zo gyara hanya, da hannu suka tuƙa, wani yana kallon agogon hannu yana ƙirga daƙiƙa 14 na kunna inji. Ranar 17 ga wata suka faɗo tekun Fasifik da ransu.

Duk shekara nakan ba ɗalibaina wannan labari, kuma ban taɓa ba da shi wani ya yi hamma ba. Idan na zo wajen gwangwanin nakan tsaya, in ajiye kwali da leda da guntun tiyo a kan tebur, in ce to ku fitar da su. A wata shekara wani yaro da ke zama a bencin ƙarshe, wanda bayan an tashi yake zuwa shagon yayansa a Farm Centre yana gyaran waya, shi ya fara miƙewa. Ya juya kwalin, ya lanƙwasa shi ya yi rumfa a kan bakin gwangwanin, ya ce, "Malam, idan ba a yi haka ba ledar za ta manne ta toshe." Abin da injiniyoyin suka yi ke nan da nasu kwalin. Yaron da bai taɓa ɗaga hannu a ajina ba, ranar shi ya koyar.

Abokin gaban da ba ya ƙin ka

Kin ce babu mugu a fim ɗin. Akwai abokin gaba, sai dai irin wanda ba ki saba rubutawa ba. A littattafanki abokin gaba mutum ne, yana da hassada, yana ƙulla makirci, ana iya roƙonsa, ana iya kai ƙararsa wajen manya, yana iya tuba a babi na ƙarshe. Duniyar Mars ba ta san jarumin yana nan ba. Iskarta kusan kashi 95 cikin 100 kabon ce, kaurinta bai kai kashi biyu cikin ɗari na tamu ba, matsakaicin sanyinta ya kai wajen digiri 60 ƙasa da sifiri. Ba ta fushi, ba ta yafiya, ba ta karɓar cin hanci, kuma ba ta sauya magana. Abin da ta faɗa jiya shi za ta faɗa gobe.

A ganina nan asirin yake, kuma shi ne abin da na fi so ki riƙe daga duk amsar nan. Mu mutane ne da muka gaji da ganin ƙoƙari da sakamako sun raba hanya. Yaro ya yi karatu ya ci jarrabawa, gurbin ya tafi wajen mai hanya. Mutum ya iya aikinsa, a ɗauki wanda aka kawo da takardar wani babba. Sai ga labarin da babu alfarma a cikinsa ko ta ƙwayar zarra. Wanda ya san abu, saninsa ya amfane shi nan take, wanda ya yi ganganci ya ga sakamakonsa nan take. Wurin yana da tsanani, amma ba ya zalunci, kuma zuciyar da ta sha ganin zalunci tana samun wani irin hutu a wurin da doka ɗaya ce ga kowa. Ina ganin wannan a idon ɗalibaina, musamman waɗanda iyayensu ba su da kowa.

Abu na biyu ya fi kusa da sana'arki. A labarin makirci marubuci yana ɓoye wa mai karatu wani abu, sai ƙarshe ya buɗe. A nan kuwa komai a faifai yake: ga yawan abinci, ga yawan kwanaki, ga giɓin da ke tsakani. Damar tura kumbo daga nan zuwa Mars sai kusan bayan wata 26 take zagayowa, tafiyar kuma ta ɗauki wata shida zuwa tara. Da an ba ki waɗannan lambobi kin daina zama 'yar kallo, kin shiga lissafi, ko kina so ko ba kya so. Kin ce ba kya shiri da kimiyya, amma na tabbata kin taɓa duba buhun shinkafa ranar 18 ga wata kika auna shi da ranar albashi. Kin taɓa ganin cajin wayarki ya koma kashi 8 babu wuta, kika rage hasken fuska, kika kashe data, kika zaɓi kiran da ya fi muhimmanci. Lissafin da jarumin yake yi ke nan, illa dai shi idan nasa ya kuskure ba ya da maƙwabcin da zai aika wa yaro da kwano.

Sai kaɗaici. Saƙon rediyo yana tafiya da saurin haske, kilomita 300,000 a daƙiƙa, duk da haka tsakaninmu da Mars yana ɗaukar minti 3 zuwa 22, gwargwadon inda duniyoyin biyu suke. Idan sun yi nisa, ki yi sallama yanzu, sai bayan minti 44 ki ji an amsa. Bahaushe da ya tashi a gidan yawa, wanda ko ciwon kai ya yi sai an zo dubiya, wannan shirun yana taɓa shi fiye da yadda yake taɓa wanda ya saba zama shi kaɗai. Shi ya sa wurin da ya fi sa mutane hawaye a irin waɗannan labarai shi ne lokacin da murya ta farko ta iso daga gida.

Ba baƙon labari ba ne a Kano

Kakanninmu sun san wannan labari tun kafin a ƙera kumbo. Ayarin fatake da ke tashi daga Kano ya bi ta Agadas ya ratsa Sahara zuwa Gat da Tarabulus, me madugu yake yi in ba wannan lissafin ba? Salka nawa, raƙumi nawa, kwana nawa zuwa rijiya ta gaba, idan aka tarar ta ƙafe kuma sai yaya. Da taurari yake gane hanya. Haka alhazan da suka tafi Makka a ƙasa ta Chadi da Sudan, wasu suka shekara da shekaru a hanya. Hamada ma ba ta ƙin kowa, kuma ba ta yi wa kowa alfarma.

Har yau ma abin yana kan rufin gidajenmu. Duk mai sola a Kano ya san abin da hunturu yake yi wa faranti: ƙura ta kwanta, batir ya ƙi cika, sai an hau da tsumma. To wannan ƙurar ita ta kashe na'urar Opportunity a Mars. Ta sauka a Janairun 2004 da shirin aikin kwana 90, ta yi shekara 14 tana yawo, sai a 2018 guguwar ƙura ta rufe rana, batirinta ya mutu. Na'urar InSight ma ƙura ce ta lulluɓe farantanta har ta yi shiru a Disamban 2022. Babu mai hawa da tsumma a can. Ranar da na faɗa wa ajina haka ana tsakiyar hazo, sai da kowa ya waiwaya ya kalli taga.

Inda ba zan ce ki yarda da su ba

Waɗannan labarai ba littafin aji ba ne, kuma ko mafi tsantseni a cikinsu yana ɗan sakin igiya. Guguwar da takan buɗe irin labarin da kika kalla, mai tumɓuke ƙarafa tana jifa da mutum, iskar Mars ba ta da kaurin yin haka. Ko tana gudun kilomita 100 a awa, a jiki ba za ta wuce iskar da ke kaɗa labule ba. Ƙasar Mars kuma tana ɗauke da wani gishiri mai guba da na'urar Phoenix ta gano a 2008, sai an wanke ta kafin a yi maganar shuka. Samar da iskar numfashi daga iskar Mars gaskiya ne, an gwada: wata ƙaramar na'ura mai suna MOXIE a jikin Perseverance, motar bincike da aka saukar a Mars, ta fara yi a Afrilun 2021. Amma duk abin da ta tara a gwaji 16 giram 122 ne. Mutum yana buƙatar kimanin giram 840 a rana. Nakan ba ɗalibai su raba, su gano da kansu cewa numfashin awa uku da rabi ke nan. Tsakanin "an gwada" da "za a rayu a kai" akwai tafiya mai nisa.

Babban abin da nake jin tsoro kuwa shi ne yaro ya ɗauka duk wanda ya iya lissafi yana dawowa. A 1971 mutum uku na kumbon Soyuz 11 sun mutu a hanyar dawowa saboda wani bawul da ya buɗe iska ta zube. Kumbunan Amurka Challenger a 1986 da Columbia a 2003 kowanne ya tarwatse da mutum bakwai, kuma dukkansu gwanaye ne. Labari yana zaɓar wanda ya tsira ne ya bi shi. Sannan da yawa daga marubutan nan sun fi iya injin fiye da zuciya, jaruminsu ya yi wata da watanni shi kaɗai amma ba ka ga inda kewa ta karya shi ba. Wannan kuwa fagenki ne, Malama, kin fi ni saninsa nesa ba kusa ba. Ni abin da zan iya tsaya miki a kai shi ne lambobin, hukuncin adabi na masu adabi ne.

Akwai iyayen da suka taɓa ce mini irin wannan labari yana koya wa yaro dogaro da kansa ya manta da Allah. Na ɗauki maganar da muhimmanci, domin wasu labaran da wannan ruhin aka rubuta su. Amma ƙashin bayan labarin bai saɓa wa abin da aka koya mana ba. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wa mai raƙumi ya ɗaure shi sannan ya yi tawakkali. Mutumin da yake ƙirga ruwansa yana toshe ɓarakar ɗakinsa, ɗaure raƙumi yake yi. Rabin na biyu ne marubutan can sukan bari, kuma shi ne abin da marubucin Hausa zai shigo da shi ba tare da ya ƙaƙaba ba.

Zai rubutu da Hausa?

Zai rubutu, kuma ina roƙon ki gwada. Kalmomi ba za su gagare ki ba. Muna da kumbo, da ɗan sama jannati, da tauraron ɗan'adam, da falaki, abin da babu kuma ki faɗe shi yadda mai gyaran janareta zai faɗa wa yaronsa. Idan makanike a Ƙofar Ruwa zai iya bayyana yadda inji yake shan iska da Hausa tsantsa, babu abin da zai hana a bayyana tankin oksijin.

Kafin ki rubuta layin farko, ki ɗauki takarda ki yi jadawalin guzuri: iska, ruwa, abinci, wuta, kwanaki. Ki manna shi a bango, kada ki saɓa masa ko sau ɗaya, domin ranar da kika ciro wani batir da ba ki ambata ba a baya, ranar mai karatu zai daina yarda da ke. Kowace mafita ta zo da kuɗinta: idan jarumarki ta kunna abin ɗumama ɗaki, to wutar rediyo ta ragu, sai ta zaɓa tsakanin ɗumi da jin muryar mahaifiyarta. A irin wannan zaɓin ne kimiyya da abin da kika iya suke haɗuwa. Ki bar ta ta yi kuskure, kuskuren mai hankali wanda gajiya ta jawo. Idan kin gama babi, ki kai wa malamin kimiyya ko ɗalibin injiniya a Jami'ar Bayero ya duba miki lambobin, ba za su ƙi ba.

Kuma ki sa ta yi salla. Tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa tana zagaya duniya a kusan minti 90, rana ta fito ta faɗi sau 16 a yini guda. Yaushe ne azahar, ina ne alƙibla, yaya ake sujada inda babu ƙasa? Ba tambayoyin wasa ba ne. Lokacin da Sheikh Muszaphar Shukor na Malesiya ya tafi tashar a Oktoban 2007, cikin ƙarshen Ramadan, sai da malaman ƙasarsa suka zauna suka fitar da jagora: ya bi lokutan wurin da ya tashi, ya fuskanci alƙibla gwargwadon iko. A tashar nan ana tace fitsari da gumi a mayar da su ruwan sha, a 2023 an kai ga dawo da kashi 98 cikin 100. Ki tuna Bahaushiya mai tsantsenin tsarki a gaban wannan kofin ruwan. Babi guda ke nan wanda babu wanda zai rubuta shi sai ɗayanmu.

Idan kuma wani ya ce miki me ya haɗa Kano da sararin samaniya, ga abin da za ki faɗa masa. A farkon shekarun 1960 hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta kafa tashoshi a sassan duniya don bin sawun kumbunan Mercury, shirinta na farko na tura mutum sama, biyu a Afirka: ɗaya a Zanzibar, ɗaya a nan Kano. Ranar 20 ga Fabrairu 1962, John Glenn, Ba'amurke na farko da ya zagaya duniya, ya ratsa ta saman garin nan yana magana da tashar Kano. A wannan tafiyar wata alama ta nuna wa na ƙasa kamar garkuwar da za ta kare shi daga zafin shigowa ta kwance, suka yi ta shawarar yadda za su dawo da shi bai ƙone ba, daga baya aka gano alamar ce ta yi ƙarya. Ya yi zagaye uku cikin awa 4 da minti 55 ya sauka lafiya. Ana cikin wannan fargabar, a ƙasa lokacin rani ne, masu rini suna bakin karofi a Ƙofar Mata, ana ciniki a Kasuwar Kurmi. Da ni ne ke, daga wannan yammacin zan fara: yarinya a kan soro a Gwammaja, da kakanta da ya taɓa yin aikin gadi a tashar, yana nuna mata inda kumbon ya bi.